Kilabiyen da Ruwa Ya Ci a Shekarar Fari

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kai mai cike da tambayoyi, iyalan Mushe Sumana Amadou na unguwar Kirkissoye ta Yamai, ƙetaren kogi, suna sanar da ƴan uwa da abokan arziki, da maƙwabta, da ma waɗanda ke tsayawa bayan katanga suna saurare, rasuwar Kilabiye, allon maɓallan ordinater, wato kwamfutar gidan. Ya cika ranar Alhamis, sha shida ga Agustan 1984, tsakanin hantsi da azahar. Ba a san ainihin lokacin ba, domin babu kowa a kansa. Ko kuma dai a ce, wanda ke kansa bai yi magana ba a ranar.

Ya bar duniya yana da shekara huɗu, biyu a hannun wani anasara da ya koma ƙasarsu, biyu a hannun Mushe Sumana. Ruwa ne ya ci shi. A gafarce mu, mun san yadda maganar za ta faɗi a kunne. Shekarar da kogi ya rame har ana ƙirga duwatsun ƙarƙashin gada, shekarar da mata ke jera bokiti gaban pampo tun sanyin safiya su koma da rabi, a ce wani ya nutse a kan teburi, cikin ɗaki mai kulle. Amma haka aka yi, kuma ba don haka ba da ba a kusa ɗaure mutumin da bai ji ba bai gani ba.

Ga wanda bai san marigayin ba, Mushe Sumana ma'aikaci ne a sarbis ɗin gwamnati da ke tattara awon ruwan sama. Kowane ƙauye mai ma'auni yana aiko da abin da ya samu, a takarda ko ta rediyo, shi kuma ya shigar cikin babbar na'urar da ke biro, wato ofis, can ɗaya gefen gada. Ita babbar na'urar nan akwai girman kai, ba ta amsa maganar kowa sai allunan da aka kawo su tare. Gada kuwa akwai bariyer, sojoji na duba takardun kowa, mutum ya fito da ƴar babur ɗinsa mobilet tun bakwai ya isa biro goma ta gota. Shi ya sa shef, shugabansa a wurin aiki, ya yarda aka ja wa Mushe Sumana layin telefon har gida. Ya samo wani porogaram wanda aikinsa kwaikwayo ne kawai: ya sa ƙaramar na'urar gida ta yi shigar burtu, ta yi magana ta waya kamar ita ma ƴar gidan ce.

Porogaram ɗin da ciwonsa ya zo. In aka danna maɓallin gogewa, maimakon ya goge sai ya haifi wata ƴar hula da harafin H a gabanta. In layi ya yi tsawo sai ya karye, rabinsa ya hau kan na ƙasa. Wata bakwai Mushe Sumana ya yi yana jinyarsa, gyara yau, ɓaci gobe, kuma duk ta jikin marigayin aka bi. Bai taɓa kai ƙara ba.

Babbar jarrabawarsa ita ce ta hannun dama, inda gungun maɓallan lamba suke. Babbar na'ura tana da maɓallai huɗu na ba da umarni waɗanda ba a haifi Kilabiye da su ba. Sai Mushe Sumana ya shiga cikin porogaram ya sake wa maɓallai aiki. Huɗun sama suka zama na umarni. Alamar tarawa ta zama "aika". Ɗigo ya koma waƙafi, domin malaman ƙauye da waƙafi suke rubuta awo, kamar yadda aka koya musu a lakkol, makarantar boko. Da wani allon ne, da ya yi gardama, ya ce shi abin da aka zana masa a goshi shi zai yi. Marigayi ya karɓa. Kuma Mushe Sumana bai manna ko ƴar takarda a kan maɓalli ɗaya ba, bai rubuta sabon tsarin a kaye, littafinsa na rubutu, ba, domin a cewarsa abin da aka rubuta ana iya karanta wa mutum shi wata rana a gaban wani teburi. Su biyu suka san sirrin. Ɗaya ya tafi da rabinsa.

Akwai gyara na ƙarshe da ya kamata a ambata, ko da yake ba a so. Da damina ta tsaya cik a Yuni, takardun ƙauyuka suka riƙa zuwa da abu ɗaya: sifili, waƙafi, sifili. Dannawa uku, sannan ta huɗu a sauka kan ƙauye na gaba. Yatsun Mushe Sumana suka gaji. Ya ɗauki faffaɗan maɓallin sifili na ƙasa ya ɗora masa aikin duka: taɓawa ɗaya, ya rubuta babu, ya wuce. Ya ji daɗin dabarar nan har ya faɗa wa shef.

Waɗanda suka zauna da marigayin ba za su manta muryarsa ba. In ana rubuta suna ko lambobi, ƙas-ƙas-ƙas, kamar kaji a kan faifai. Dogon maɓallin tazara kuwa ɗam, da nauyi. Shi kuma sifili, tak. Uwargida Ramatou daga madafa take gane labarin ƙasa. In ta ji ƙas-ƙas a tsakani, an yi ruwa a wani wuri. In ta ji tak, tak, tak, babu numfashi, sai ta rage hannu a awon tuwo.

Ya rasu ya bar ekaran, gilashin da rubutu ke fitowa, wanda ke nan yana ƙifta koren ido yana jiran umarnin da ba zai zo ba. Ya bar akwatin na'ura, da abin karanta faifan disket mai tari irin na tsofaffi. Ya bar ƴan kofunan roba biyu da ake kifa kan telefon a kansu. Sai porogaram, maraya, kwance a disket, yana riƙe da sunayen maɓallan da babu su. An nemi wani allo irinsa a gari, an ce sai dai a rubuta waje, kuma takardar da za ta fita waje ana buɗe ta.

Game da ciwon ajali, ga abin da aka sani. Kowace Alhamis Mushe Sumana yana ƙetare gada don taron biro. Ya kulle ɗaki, ya ɗora makulli a saman ƙofa, ya tafi. Ya dawo bayan azahar, ya yi salla, ya kunna kuran, wato lantarki. Marigayi ya yi wata ƙara da ba a taɓa jin irinta ba, tiiiiit, ba yankewa, ekaran ya cika da sifili daga sama har ƙasa, sannan aka ji ƙauri. Da ya ɗaga shi ya karkata, ruwa ya zubo ta gefen dama, bai kai cikin kofin shayi ba. Fari tas, babu wari, babu kumfa. Ya duba rufi, kwano lafiya lau, kuma ko ba lafiya ba, me zai zubo? Ya duba taga, a rufe. Ya duba makulli, yana inda ya bar shi, sai dai kamar ya ɗan karkata gabas.

Daga nan Mushe Sumana ya daina ganin mutane, sai masu laifi. Ya tambayi Ramatou sau uku, a lokuta dabam-dabam, don ya ga ko maganarta za ta canja. Ta ce tana layin pampo, mata ashirin shaida. Ya ƙi amsa gaisuwar mai sayar da gawayi. Mahaifiyarsa, Hajiya Fati, wadda fari ya koro daga ƙauyensu na Zarmaganda wata biyu da suka wuce, ita kaɗai bai tambaya ba. Tana zaune kan tabarmarta da carbi, ta ce masa fonda tilas, gaisuwar ta'aziyyar Zabarmawa, ta sunkuyar da kai. Ya ɗauka tausayi ne.

Zatonsa ya je ya tsaya a kan Mutari.

Mutari direban kamiyo ne, babbar motar kaya, katanga ɗaya ta raba su, shekara goma sha ɗaya. Bagobiri ne, shi kuwa Mushe Sumana Bazabarme, wato abokan wasa tun kaka da kakanni, waɗanda zagi ne gaisuwarsu. Kullum safiya Mutari zai leƙo ta katanga ya ce, "Bawana, ka kwana? Ko bokan naka bai ba ka izinin amsawa ba?" Na'urar yake nufi. Mushe Sumana kuma ya ce, "Koma ka wanke tsagar fuskarka, ta tara ƙura." Ranar da ba a yi haka ba, ɗayansu ba ya gari.

Amma Mushe Sumana ya zauna ya jera abubuwa. Mutari ne ya gyara masa ƙofar ɗakin bara, ya san inda makulli ke kwana. Mutari yana da ruwa, domin yana cika bido, wato jarka, a bakin kogi duk lokacin da ya sauke kaya. Mutari yana da ɗan ƙanwa jandarma. Mutari ya taɓa tambaya, yana dariya, wai da wa ake magana a telefon ɗin da ba ya cewa alo, sai kuka kamar kyanwa. Kuma ranar Talata, gaban mutane, a bakin masallaci, Mutari ya ce, "Wallahi wata rana sai na yi wa bokan nan naka wanka, ko ya daina faɗa wa gwamnati babu ruwa." Kowa ya yi dariya a lokacin. Har shi Mushe Sumana.

Da zato ne kawai, da ya tsufa ya mutu a ciki. To ranar Juma'a ya kai labari biro, shef ya kai sama, a sama kuwa akwai sabon darakta mai kaki. Awon larduna biyu bai shiga ba, kuma da shi ake tsara inda hatsin taimako zai nufa. Darakta ya furta kalma ɗaya, sabotaj, wato zagon ƙasa, ya ce ranar Litinin da ƙarfe takwas yana son takardar bayani a kan teburinsa, kuma ba ya son takardar da babu suna a ciki. Kowa a Yamai ya san abin da suna ke zama in ya shiga irin wannan takarda. Ana zuwa da mota a ɗauki mai shi, iyalinsa su yi ta kai abinci ƙofar da ba a ce yana ciki ba.

Ranar Asabar Mushe Sumana ya ɗauki alƙalamin bik, tunda mai yi masa rubutu ya tafi, ya cika shafi ɗaya da rabi. Sunan Mutari ya fito sau huɗu.

Ramatou ta gani da ta kawo masa abinci. Ta yi lakkol har aji shida, kuma suna ba ya ɓoyuwa ko a cikin Faransanci.

"Baban Halima, Bagobiri ne fa," in ji ta. "Abokin wasanka. Wanda ya kai ni likita a kamiyo ranar da kake Doso."

"Ni ban ce shi ba ne. Na rubuta abin da ya faɗa da bakinsa."

"Ya ce zai sayar da kai a kasuwar Katako ma, sau nawa? Ka rubuta wannan?"

"Ramatou, in ban sa suna ba, nawa za su sa. Ke za ki kai abincin."

Ta ajiye kwano ta fita. Ya bi bayanta da kallo, ya fara tunanin me ya sa take kare shi haka, sannan ya ji kunyar tunanin, sannan ya ci gaba da yin sa.

Lahadi da hantsi, matan biyu suna tsintar tsakuwa a shinkafa, Ramatou ta faɗa wa surukarta abin da ke cikin takardar. Hajiya Fati ta kakkaɓe zanenta, ta shiga ɗakinta, aka ji ƙarar akwatin ƙarfe. Ta fito ta nufi ɗakin na'ura, inda ɗanta ke zaune gaban gawa yana sake karanta shafinsa. Ta ajiye wata ƙaramar kwalba a kan takardar. Babu komai a ciki.

Ya san kwalbar. Duk gidan sun san ta. Zamzam ne da ta zo da shi daga hajji shekara biyar da suka wuce, ta naɗe shi cikin likkafaninta, ta yi wasiyya cewa da shi za a yayyafa mata ranar tafiya. Ko da zazzaɓi ya kwantar da ita bara, ta ƙi a taɓa shi.

"Auta," in ji ta, da Zabarmanci suka yi maganar, "cire sunan ɗan Gobir. Ni ce."

"Inna, ke? Ina kika san makulli?"

"Ni na haife ka. Tun kana yaro a saman ƙofa kake ɓoye abu."

Ta ci gaba da maganarta.

"Ranar nan na shigo na ce ka nuna mini garinmu a cikin abin nan. Ka nuna mini. Na ce me ya ce? Ka ce babu. Ka taɓa wancan mai faɗin, tak, ka wuce. Ina kallonka, ko takardar ba ka duba ba."

"Inna, na riga na san abin da ke cikinta."

"To shi ne. Ka koya masa faɗin babu da yatsa ɗaya, bakinsa ya saba. Gari guda, da rijiyarsa da kabarin ubanka, tak. Na ce abin nan ya bushe, bari a jiƙa masa harshe da ruwa mai albarka, ko ya koyi wata maganar. A kan mai faɗin kawai na zuba. Ban san zai bi ya shiga cikinsa ba."

"Duka kika zuba?"

"Rabi zai yi wa ƙasa guda?"

Masu wannan sanarwa ba su da ilimin da za su yanke hukunci a nan. Abin da suka gani shi ne Mushe Sumana ya daɗe yana juya kwalbar a hannunsa. Ya so ya yi bayani cewa maɓalli ba ya hana ruwa, takarda ce ke zuwa da sifili, shi kwafa kawai yake. Bai yi ba. Ya tuna cewa gaskiya ne, ranar bai duba ba, kuma ba ranar kaɗai ba.

Ya yage shafi ɗaya da rabin, ya ba Ramatou ta sa a murhu. Saura takardar darakta, wadda ba ta karɓuwa sai da suna. Ba a sa sunan uwa. Ya rubuta layi uku, ya ce sakacinsa ne, shi ya bar ruwa kusa da kayan aiki, ya sa hannu. Litinin ya kai da kansa, bayan ya gaya wa Ramatou inda takardun gida suke. Darakta ya bar shi tsaye daga takwas har azahar. Daga bisani aka yanke layin telefon, aka sa masa gargaɗi a dosiye, fayil ɗinsa na aiki, aka ce daga yau a biro zai yi aiki, gaban idon mutane. Ya dawo gida da ƙafafunsa, aka yi hamdala.

Sai dai Kirkissoye ba ta riƙe magana. Ba a san ta wace kafa ba, kuma Mushe Sumana yana da mutum uku da yake zargi, labarin takardar farko ya tsallake katanga. Talata da safe Mutari ya fito, suka haɗu a ƙofar gida. Ya cire hula, ya ɗan rusuna.

"Mushe Sumana, ina kwana? Ya iyali? Ya ƙarin haƙuri?"

"Kai, Bagobiri, tsaya mana..."

"Allah ya ba da lada, Mushe. A gaida Hajiya."

Ya hau kamiyonsa. Laraba haka, Alhamis haka, ladabi kamar gaban prefe, gwamnan lardi. Mushe Sumana ya daina cin abinci. Ya ce da a ce Mutari ya mare shi gaban masallaci, da ya fi masa sauƙi. Ranar Alhamis da yamma ya aika Ramatou wurin matar Mutari da roƙo ɗaya: gawa tana nan kwana takwas, babu mai ɗauka, kuma a al'ada ba a hana abokin wasa wannan hakkin, shi ma ba ya ƙi.

Saboda haka ana sanar da jama'a tsarin jana'iza kamar haka. Za a fitar da marigayin gobe Asabar da ƙarfe tara na safe daga gidan Mushe Sumana. Ba za a yi masa wanka ba, an riga an yi. Liman ya ce kada a kira shi, kuma kada a karanta komai, an amsa masa da to. Za a naɗe shi a tsohon zanen teburi. Makwancinsa yana kasuwar Katako, wurin wani mai gyaran rediyo da ya yi alkawarin raba abin da ya rage a jikinsa ga mabukata. Zaman makoki a tsakar gida ne, wuni ɗaya. Ana roƙon masu zuwa su zo da ruwan shansu, kuma kada kowa ya tambayi Hajiya Fati komai. Wanda aka aiko don ya saurara, shi ma akwai tabarma.

Game da ɗaukar gawa, amsa ta iso yau da safe, ta saman katanga, da muryar da aka ji har gida na uku. Mutari ya ce zai kawo kamiyo mai tan goma. Marigayi zai zauna gaba, kusa da direba, domin shi bai taɓa rubuta sunan kowa da son ransa ba. Shi kuwa bawan nan, Bazabarme mai kan ƙwarya, matsoracin da ba ya iya bambance wasa da bindiga, a baya zai hau, tsaye, inda ake ɗaure awaki, kuma in sojan gada ya tambaya, kaya ne.

Mushe Sumana ya saurara har ƙarshe, ya share ido da hannun riga, ya ce wa Ramatou ko akwai sauran ɗumame.

Masu rakiya su hallara kafin tara. Direba ya ce ba zai jira kowa ba.